Kafin Ku Shiga Gardamar Samuwar Allah

Ƙannena, maza da mata, akwai tambayar da da yawanku kuka riga kuka ci karo da ita, ko a aji, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a wani guntun bidiyo da ya faɗo muku a waya da tsakar dare: mene ne dalilin cewa akwai Allah? Galibi ba ku faɗa wa kowa, don gudun a ce boko ya lalata ku, ko kun fara taɓuwa. Ni ba zan ce muku haka ba. Tambayar ta girmi kakannin kakanninmu, kuma malaman da muke ambaton sunayensu da girmamawa sun ƙarar da shekaru a kanta. Abin da masu gardamar waya ba sa gaya muku shi ne, yawancin hujjojin da aka kafa don tabbatar da samuwar Allah, waɗanda suka fara kai musu sara masu imani ne. Sun yi haka ne domin suna ganin magana irin wannan ta fi ƙarfin a tsayar da ita a kan dalili mai rauni.

Mu fara da abin da ke gida. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya ɗan yi nisa a tauhidi ya san Ummul Barahin, ƙaramin littafin Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafin ya buɗe ne da rabon hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, sannan ya kafa dalilin samuwar Allah a kan cewa duniya fararriya ce. Tsarin hujjar gajere ne: duk abin da ya fara samuwa akwai wanda ya samar da shi, duniya kuwa ta fara samuwa, saboda haka akwai wanda ya samar da ita. Jijiyar wannan hujja ta kai ga wani Kirista na Iskandariyya a ƙarni na 6, wanda Larabawa ke kira Yahaya an-Nahwi, ta biyo ta hannun Al-Kindi a Bagadaza, ta iso wurin Imam Gazali. A 1979 wani masanin falsafa Ba'amurke, William Lane Craig, ya sake fito da ita a cikin littafi, ya bar mata sunan kalam, har yau da wannan suna ake kiranta a jami'o'in Turai da Amurka.

Abin da yaro kan fara jefowa shi ne, to wa ya halicci Allah? Ku duba hujjar da kyau. Ba ta ce kowane abu yana da sanadi ba, cewa ta yi abin da ya fara samuwa. Wannan tambayar ba ta taɓa ta ba. Inda nauyin yake shi ne jimla ta biyu. Shin duniya ta fara? Aristotal ya ce ba ta da farko. Ibnu Sina da Ibnu Rushdi, duk da sun yi imani da Allah, sun tafi a kan cewa duniya ba ta da mafari a zamani. Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya yarda duniya ta fara, amma ya ce wahayi ne ya sanar da haka, hankali shi kaɗai ba zai iya tabbatarwa ba. Ga masu imani uku ke nan da ba su karɓi rabin hujjar ba.

Za ku ce ai kimiyya ta raba gardama, tunda ta gano duniya ta faro ne da babbar fashewa kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce. Ku bi a hankali. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, Georges Lemaître, limamin coci ne ɗan Beljiyam, kuma ya fara wallafa lissafinsa a 1927. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya gaskata labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba. Ya san lissafin yana bayanin yadda duniya ta faɗaɗa daga wani yanayi mai tsananin zafi da cushewa, bai kai ga ainihin lokacin farko ba, balle ya faɗi abin da ke bayansa. Ya kuma san kimiyya kan gyara maganarta. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin labarin kimiyya na bana, ya shirya kwancewa idan na baɗi ya zo daban. Haka shi ma wanda ya ɗaure rashin imaninsa a wurin.

Hujjar da ta fi kama hankalina ita ce ta Ibnu Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, domin ba ta damu da ko duniya tana da farko ko ba ta da shi ba. Ya ce ku dubi duk abin da kuka sani: ku kanku, bishiya, rana, dutse. Kowane ɗaya zai iya kasancewa, zai iya rashin kasancewa. Samuwarsa ba daga zatinsa take ba, daga waninsa ya samo ta. Ku ɗauka akwai layin mutane, kowa kuɗin da ke hannunsa rance ne daga na bayansa. Ku tsawaita layin yadda kuka ga dama, ku ce ma ba shi da iyaka. Muddin kowa a cikinsa mai rance ne, tambayar tana nan: kuɗin na wane ne? Ibnu Sina ya ce tarin abubuwa masu aron samuwa shi ma mai aro ne, don haka dole a tuƙe ga wanda samuwarsa tasa ce, wato wajibin samuwa.

Masu musu suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. A wata muhawara da gidan rediyon BBC ya watsa a 1948 tsakanin Bertrand Russell da wani limami masanin falsafa, Frederick Copleston, Russell ya ce don kowane mutum yana da uwa, ba a cewa jinsin ɗan Adam gaba ɗaya yana da uwa guda. Abin da ya hau kan ɗaiɗaiku ba lalle ya hau kan jimla ba. A ganinsa duniya tana nan ne kawai, ba a neman mata dalili. Ni a nawa ganin wannan amsa tana da tsada. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tambayar me ya sa a kan kowane ƙaramin abu, sai ga shi ya ajiye tambayar daidai inda ta fi girma. Amma ku yi adalci: mai imani ma yana da inda yake tsayawa. Saɓanin yana kan wane wuri ne ya fi dacewa hankali ya tsaya, a kan duniyar da muke gani tana canzawa tana lalacewa, ko a kan wanda ba ya buƙatar kowa. Na zaɓi na biyu, kuma ina da dalili. Sai dai ba zan ce wanda ya zaɓi na farko ba shi da kai ba.

Kuma tun kafin Russell da shekaru ɗari takwas da ɗoriya, Gazali ya riga ya shiga tsakanin Ibnu Sina da hujjojinsa. A Tahafutul Falasifa ya bi mas'aloli ashirin, a ciki har da cewa bisa ƙa'idojin da 'yan falsafa suka gindaya wa kansu, ba za su iya tabbatar da cewa duniya tana da Mahalicci mai nufi ba. Ibnu Rushdi na Kurɗuba, alƙali ne Bamalike, ya mayar masa da martani da littafi sukutum, ya kuma ƙara da cewa hujjar fararuwa ta malaman kalam ba ta kai matsayin yanke shakka ba, ga ta da wuyar fahimta ga talakawa. Duk wannan a tsakanin masu salla aka yi shi.

Akwai wata hujja da za ku gamu da ita a ajin falsafa, ta Anselm, wani malamin Kirista mai zaman ibada, wanda ya rubuta ta wajen 1078. Ya ce Allah shi ne wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi girma, wanda yake a zahiri kuwa ya fi wanda yake a tunani kawai, saboda haka dole yana nan a zahiri. Tun yana raye wani ɗan'uwansa mai zaman ibada, Gaunilo, ya ce da wannan dabara sai a tabbatar da tsibirin da ya fi kowane tsibiri kyau. Aquinas ya ƙi ta, masanin falsafa Kant ma ya ƙi ta a 1781. Ku san da ita don jarrabawa da wasa ƙwaƙwalwa. Ba ta cika sauya zuciyar kowa ba.

Wadda ta fi shiga jinin mutane ita ce hujjar tsari. Ana ba da labarin Imam Abu Hanifa da wasu masu musu, inda ya kawo musu zancen jirgin ruwa da ya loda wa kansa kaya, ya ratsa kogi, ya sauke, babu matuƙi. Da suka ce ba zai yiwu ba, ya ce to ina ga duniya? Ibnu Rushdi ya fifita irin wannan hanya, ya ce ita ce ta dace da malami da jahili: a dubi yadda dare da rana da ruwa da gaɓoɓin jiki suka dace da rayuwa. A Ingila, William Paley ya yi ta da agogo a 1802. Wanda ya tsinci agogo a daji, ya buɗe ya ga haƙoransa suna juya juna, ya san akwai maƙeri, ido kuwa ya fi agogo ban mamaki.

Abin sha'awa, David Hume na Sikotilan shi ma jirgin ruwa ya ɗauko don ya yi suka, a littafin da aka buga a 1779 bayan rasuwarsa. Ya ce jirgi mutane da yawa ne ke haɗuwa su ƙera shi, kuma mai yiwuwa kafintan ba wani haziƙi ba ne, kwaikwayon na gabansa ya yi bayan an daɗe ana gwadawa ana ɓatawa. Idan daga kamanci kawai za a yi hukunci, me zai hana a ce masu yin duniya da yawa ne, ko ba su ƙware ba? Malaman tauhidi suna da amsar rabin farko, wato dalilin da ke nuna iyayengiji biyu masu cikakken iko ba za su taru ba, domin nufin ɗaya zai iya karo da na ɗayan. Amma ku lura, wannan wata hujja ce daban da aka kawo don cike gurbi. Hujjar tsari ita kaɗai ba ta kai nan ba.

Sai Charles Darwin, wanda ya karanta Paley yana ɗalibi a Kambirij har ya burge shi. A 1859 ya fito da bayanin yadda halittu ke sauyawa a hankali: ana haihuwa da 'yan bambance-bambance, wanda nasa ya fi dacewa da muhalli ya fi rayuwa ya bar zuriya, a tsawon zamani sai a sami gaɓa mai kama da an zana ta. Ko kun karɓi wannan bayani ko kuna da ja a kansa, ku san shi yadda masu shi suke faɗarsa, domin wanda ya shiga gardama da cewa ai Darwin ya ce kakanmu biri ne, an gama da shi tun bai zauna ba. Bayan Darwin, masu hujjar tsari da dama sun matsa daga ido da fiffike zuwa dokokin duniya kansu: akwai ma'aunai a kimiyyar lissafin halitta da in da sun ɗan goce, da taurari ba su kafu ba, balle rai. Masu musu suka ce wataƙila duniyoyi ne birjik, mu muka dace da wadda za a iya rayuwa a cikinta. Babu wanda ya taɓa hango waɗannan duniyoyi, kuma gardamar tana nan da ranta.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ina roƙonku kada ku raina ta. Idan Allah mai iko ne a kan kome, mai rahama ne, masani ne, me ya kawo wannan wahala haka? Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal, da safiyar wata ranar idi ta Kirista, mutane suna cikin coci-coci. Ruwan teku ya biyo baya, gobara ta biyo, dubun dubatar mutane suka hallaka. Abin ya girgiza tunanin Turai, har marubuci Voltaire ya rubuta labari yana yi wa masu cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun da za ta yiwu ba'a. A 1955 J. L. Mackie ya tsara sukan a matsayin karo na hankali: iko cikakke da alheri cikakke da samuwar sharri ba za su haɗu ba. Alvin Plantinga ya amsa a 1974 da cewa halittar masu zaɓi na gaskiya tana tafe da yiwuwar su zaɓi mugunta, kuma masana da yawa, har da marasa imani, sun yarda cewa zargin karo kai tsaye bai tsaya ba. Sai William Rowe ya sauya salo a 1979. Ya kawo misalin ɗan barewa da gobarar daji ta ƙona, ya kwana da kwanaki yana shan azaba kafin ya mutu, ba wanda ya gani, ba wanda ya ɗauki darasi. Wane zaɓi ne ya jawo wannan, kuma wane amfani ya yi?

Kada ku zaci Musulmi ba su taɓa zama a kan wannan ba. Mu'utazilawa sun ce wajibi ne Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa alheri. Littattafan tarihi suna kawo labarin Abul Hasan al-Ash'ari da malaminsa al-Jubba'i a Basra, kan 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya fajiri, ɗaya yana yaro. Yaron ya nemi darajar salihin, aka ce bai yi aikinsa ba. Ya ce ai ba a bar shi ya girma ba, aka ce an san da ya girma da ya lalace, shi ya sa aka ɗauke shi. Sai fajirin ya ɗaga murya: ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? Malamin ya rasa ta cewa. Abin da Ash'ari ya fitar shi ne, duk wanda ya ce zai zana wa Allah dalilin kowane abu ɗaya bayan ɗaya, zai maƙale. Ƙissar Annabi Musa da bawan Allah a Suratul Kahfi ma ta nan ta bi: abin da ya zama ɓarna a idon mai kallo yana da bayan da bai gani ba.

Wannan amsa ce ta gaskiya, kuma ita nake riƙe da ita. Wanda iliminsa ya taƙaita ba shi da hurumin cewa tunda ban ga hikima ba, babu ita. Amma ku san iyakarta. Mai musu zai ce amsar da ta dace da kowane irin bala'i, kome muninsa, ba a iya gwada ta, kuma maganarsa abin saurare ce. Sannan amsar tana kawar da karo a hankali, ba ta ɗauke zafi a zuciya. Uwar da ta binne ɗanta da safe ba ta neman bayanin Plantinga. Sau da yawa wanda ya zo muku da tambayar sharri ba daga littafi ya ɗauko ta ba, daga asibiti ya taho da ita, ko daga garin da 'yan bindiga suka tasa. Ku fara gane wane ne a gabanku kafin ku buɗe baki.

Wani zai kawo muku ƙidaya. A wani bincike da aka yi a 2020 tsakanin malaman falsafa kusan 1,800, galibinsu daga ƙasashe masu magana da Ingilishi, kimanin kashi biyu cikin uku sun karkata ga cewa babu Allah, masu cewa akwai ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Amma a cikin waɗanda fanninsu shi ne falsafar addini, wato masu kwana da tashi da waɗannan hujjoji, mafi yawa masu imani ne. Kowane ɓangare yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Gaskiyar ita ce mutane kan shiga fanni da abin da suka riga suka yarda da shi, ƙidayar kawuna kuwa ba ta zama burhani. Haka labarin Antony Flew, wanda ya shafe kusan rabin ƙarni yana kare rashin imani, sannan a 2004 ya ce ya yarda akwai Mahalicci. Masu wa'azi suna son labarin, amma ba su cika ƙarasa shi ba: Flew bai karɓi wahayi ko wani addini ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan tsallakewa. Ko da hujjojin nan duk sun tsaya daram, inda suke kai mutum shi ne akwai mafari wanda ba ya buƙatar kowa. Daga nan zuwa annabci da littafi da lahira akwai sauran tafiya, kuma malamanmu sun san haka, shi ya sa suka raba tauhidi zuwa abin da ya shafi Ubangiji, da abin da ya shafi annabawa, da abin da ba a saninsa sai ta hanyar ji. Kowane babi da irin dalilinsa.

Idan za ku yi gardama, ku iya faɗin hujjar abokin hamayya yadda shi da kansa zai ce haka nake nufi. Gazali ya rubuta Maƙasidul Falasifa yana zayyana ra'ayoyin 'yan falsafa dalla-dalla, har da aka fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka daɗe suna ɗaukarsa ɗaya daga cikinsu. Idan aka rushe muku hujja, ku ce ta rushe, ku nemi wadda ta fi ta. Nacewa a kan dalilin da kowa ya ga ya karye shi ne ke sa na gefe ya zaci babu wani.

Wanda ya ɗan karanta kuma, kada ya koma gida yana yi wa tsofaffi kallon marasa hujja. An taɓa yin haka a ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai ɗaliban kalam da suke kafirta talakawa saboda ba su iya jero dalilan tauhidi yadda littattafai suka tsara, Shehu kuwa ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. Wanda shakka ta kama shi, ya nemi malami mai haƙuri da sanin fannin, ya kauce wa izgili da abin da mutane suke girmamawa, domin izgili ba ya ƙara wa hujja ƙarfi, fitina kawai yake jawowa. Idan kuma abokinku ne ya amince muku ya faɗi abin da ke damunsa, amana ce ya ba ku. Kada ku tona shi, kada ku tara masa jama'a. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wasu sahabbai sun kai kukan irin tunanin da suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kore su ba, ya nuna musu cewa jin nauyin nan alamar imani ce.

Gazali da kansa ya ba da labari a Munƙizu minad Dalal cewa shakka ta taɓa kama shi kusan wata biyu, har ya daina amincewa da abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa. Ya ce ba jeranta dalilai ne ya fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a zuciya. Wasu kan tsaya a nan su ce ashe karatun hujja ɓata lokaci ne. Shi bai fahimci abin haka ba. A 1109, shekara biyu kafin rasuwarsa, ya kammala Al-Mustasfa, babban littafinsa na usulul fiƙhu, ya buɗe shi da doguwar gabatarwa a kan manɗiƙi, inda ya ce wanda bai san wannan fanni ba, ba a dogara da iliminsa.